Ni ne na tsufa, ko fina-finan ne suka daina daɗi?

Abu_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a mayar da ita wasa. A wata ukun nan na fara fina-finai sun kai goma, biyu kacal na gama. Sauran duk a tsakiya na ajiye su. Hoto ga shi tas, sauti kamar a cikin kunnenka ake harbin, jarumai sanannu, amma minti arba'in sai in ga hannuna ya koma kan waya. Alhali da can fim ɗin awa uku nake zama masa ko ruwa ba na tashi sha. Shin fina-finan yanzu ne babu komai a ciki, ko ni ne na canza? Kuma ku a wajenku mene ne yake sa fim ya cancanci a ɓata masa awa biyu?

Sarkin_Kallo:
Wa alaikumus salam. Malam Abu, tsufa ne ya sallama, ka amsa masa kawai.

Abu_Hanif:
Ai na ce kada a mayar da ita wasa, kai kuma da ita ka fara.

Maman_Ikram:
Ba kai kaɗai ba ne wallahi. Ni abin da na lura da shi, yawancin na yanzu ba sa ba ka lokacin da za ka san mutumin kafin su jefa shi cikin bala'i. Fim na buɗewa an fara gudu, ana fashe-fashe, gini na rushewa. To wane ne wannan da ake bi? Me ya haɗa ni da shi? In ya mutu ma ba abin da zan ji. Ni in ban damu da abin da zai sami mutum ba, ko duniya ce za ta ƙone a fim ɗin, barci zan yi.

Dan_Gaye99:
Da girmamawa Hajiya, wannan magana ce ta manya. Mu da muka taso yanzu ba mu da haƙurin a yi minti talatin ana nuna mana mutum yana shan shayi yana kallon taga. In fim bai kama ni a minti goma ba na wuce. Akwai dubu a layi suna jira.

Malam_Edita:
Bari in ɗan shiga, tunda tace hoto ne sana'ata. Hajiya Maman Ikram ta taɓo ainihin wurin, amma ba maganar gudu ko jinkiri ba ce. Fim zai iya buɗewa da gudu kuma ya riƙe ka, in dai ka san abin da mai gudun zai rasa. Akwai misalin da shahararren darakta Alfred Hitchcock ya taɓa bayarwa wanda duk mai koyon fim ya san shi. Mutum biyu suna hira a tebur, kwatsam bam ya tashi. Mai kallo zai firgita na daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. Amma in ka fara nuna wa mai kallo bam ɗin a ƙarƙashin tebur, ka nuna masa agogo, sannan ka bar mutanen su ci gaba da hirarsu ta banza, to wannan hirar ta zama abin da ba za ka iya ɗauke ido daga kanta ba, kana ji kamar ka yi musu ihu su tashi. Abin da nake gani a yawancin manyan fina-finan yanzu, bam ne yake ta tashi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda aka nuna maka a ƙarƙashin tebur. Firgita kan firgita kuwa gajiya take kawowa.

Maman_Ikram:
Allah ya saka da alheri Malam. Abin da nake son faɗa ke nan na rasa yadda zan jera shi.

Tsohon_Malami:
Ni ina da ja a kan tushen tambayar. Abu Hanif, ɗana, in ka ce fina-finan da, guda nawa kake nufi? Ka ƙirga su. Za ka ga ba su wuce ashirin ko talatin ba waɗanda suka zauna maka a rai. To a shekarun nan ɗaruruwa aka yi, har da dubbai, yawancinsu shirme, kuma ka kalli da yawa daga cikinsu ka manta. Lokaci ya tankaɗe maka su, ya bar maka tsabar. Yanzu kuma kana ɗaukar wannan tsabar kana gwada ta da duk abin da ya fito a watan jiya, da dusarsa da tsakuwarsa. Ai ba a yi adalci ba. Shekara ashirin nan gaba yaran nan irin su Dan Gaye za su zauna su ce ai fina-finan zamaninsu ne na ƙwarai.

Dan_Gaye99:
Baba ka gama magana. A ba shi kujera.

Abu_Hanif:
Baba na yarda da rabin maganarka. Amma akwai abin da ba tankaɗe ba ne. Ka duba fina-finai goma da suka fi kawo kuɗi a duniya a 2024, kusan dukkansu kashi na biyu ne, ko na uku, ko na huɗu, ko an ɗauko tsohon labari an sake masa riga. Wannan ba tunanina ne ya ƙirƙiro shi ba.

Tsohon_Malami:
Gaskiya ne, amma maimaici ba yau aka fara ba. Ben-Hur na 1959 da ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, har goma sha ɗaya, ai sake yi ne, an riga an yi shi a 1925 tun fim bai fara magana ba. Sake yin abu ba laifi ba ne in an yi da kyau.

Hauwa_Lissafi:
Dalilin maimaicin kuɗi ne, ba rashin marubuta ba. Babban fim a Amurka yanzu yakan ci dala miliyan 200 ko fiye, ban da kuɗin talla wanda shi ma yakan haura miliyan 100. Kuma kuɗin tikiti ba duka yake komawa ga kamfani ba, gidajen sinima suna riƙe kusan rabi. Ke nan fim sai ya kawo ninkin abin da aka kashe sau biyu da wani abu kafin a ce an mayar da uwar kuɗi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yi caca da sabon labari ba. Zai nemi sunan da mutane suka riga suka sani, da labarin da ɗan Chaina da ɗan Brazil da ɗan Jamus za su gane ba tare da dogon bayani ba. Shi ya sa ake rage zance a ƙara duka. Naushi ba ya buƙatar fassara.

Sarkin_Kallo:
"Naushi ba ya buƙatar fassara." Anti Hauwa wannan zan rubuta a bayan mota.

Jarumin_Marvel:
Na san inda zancen nan ya dosa, kan fina-finan jarumai masu tashi sama za a sauke shi. To ku faɗi abin da za ku faɗa. Avengers: Endgame ya kawo kusan dala biliyan 2.8 a 2019. Mutanen da suka cika sinima a duniya duk wawaye ne? Shekara goma sha ɗaya ana gina labarin nan tun daga 2008, mun san kowane jarumi, mun san abin da ya rasa. Abin da Hajiya ta ce babu, to a nan akwai shi.

Malam_Edita:
Ban ce wawaye ba ne, kuma wancan ɗin ya yi aiki saboda dalilin da ka faɗa, an yi shekaru ana sa bam ɗin a ƙarƙashin tebur. Matsalar ita ce abin da ya biyo baya, da sauran kamfanoni da suka ga an samu suka ce kowa ma sai ya gina tasa duniyar. Sai ya zama fim ba ya tsayawa da ƙafarsa, talla ne na wanda zai zo bayansa. Ka biya kuɗi ka zauna awa biyu da rabi, a ƙarshe a ce maka ka dakaci na gaba. Kuma in an kashe jarumi ka san zai dawo, ko ta wata duniyar ko ta komawa baya a lokaci. Mutuwar da ake dawowa daga gare ta wa za ta sa kuka?

Jarumin_Marvel:
Wannan na ƙarshen ban musa ba, ni ma ya fara isata.

Binta_Littafi:
A shekarar 2019 ɗin ne ai darakta Martin Scorsese ya ce irin waɗannan fina-finan sun fi kama da filin wasan lilo da shillo fiye da sinima, aka yi ta cece-kuce. Ni a ganina bai zage su ba. Filin wasa ma ai wuri ne mai daɗi, ana zuwa a yi ihu a dawo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce shi kaɗai ne wurin zuwa.

Ummu_Sadiq:
Ku yi haƙuri zan karkata kaɗan. Ni abin da ke sa in ce fim ya cancanci kallo, na farko shi ne in iya zama da yarana ba tare da rimot yana hannuna ina jiran inda zan tsallake ba. Kwanaki muka zauna kallon wani da aka rubuta na iyali ne, ba zato sai ga abin da ya sa na rasa inda zan sa fuskata. Kuma in ka cire wurin, labarin ba abin da zai rasa. To me ya kawo shi?

Abban_Yara:
Hajiya ki riƙa duba alamar shekaru kafin ki kunna, kuma kada ki tsaya a lambar kawai. A IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai da makinsu, akwai sashen jagorar iyaye, suna jera duk abin da ke cikin fim, tsiraici, zagi, zubar da jini, shaye-shaye, wuri bayan wuri. Minti biyu zai ɗauke ki. Lambar shekarun ita kanta kowace ƙasa da ma'auninta, abin da aka ce ɗan shekara 13 zai iya gani a wata ƙasa ba lallai ya dace da gidanki ba.

Ummu_Sadiq:
Na gode Abban Yara, ban san da wannan sashen ba.

Dan_Gaye99:
Tunda an ambaci IMDb, ni dai dokata ɗaya ce. Ƙasa da maki 7 ba na kallo. Ya hutar da ni.

Binta_Littafi:
Ƙanina ka cuci kanka da yawa. Makin nan su wa suka bayar? Wanda ya ga dama ne ya shiga ya danna, daga 1 zuwa 10. Masoyan jarumi sukan yi gayya su zuba 10 tun ranar farko, maƙiyansa su zuba 1 ba su ma kalla ba. Har sai da Rotten Tomatoes, wani shafin da ke tara ra'ayoyi kan fina-finai, suka canza tsari a 2019, suka hana rubuta ra'ayi kafin fim ya fito, suka kuma ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Sannan mutane da yawa ba su fahimci lambar Rotten Tomatoes ɗin ba. In ka ga kashi 95, ba yana nufin fim ɗin ya ci 95 cikin 100 ba. Yana nufin cikin masu sharhi ɗari, 95 sun ce ba laifi. Fim mai lami wanda bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma burge kowa can ba, zai iya samun 95. Fim mai ƙarfin hali da ya raba kan mutane, wasu suka so shi kamar rai wasu suka tsane shi, sai ka gan shi a 60. Ni na biyun nake nema.

Hauwa_Lissafi:
Kuɗin da fim ya kawo ma haka. The Shawshank Redemption da ya daɗe a saman jerin IMDb, lokacin da ya fito a 1994 bai ma mayar da dala miliyan 25 da aka kashe masa ba a zagayen farko. Sai daga baya, ta kaset da talabijin, mutane suka gano shi. Da za a bi ta ciniki ai an binne shi.

Dan_Gaye99:
To in ban bi maki ba, ban bi kuɗi ba, me zan bi? Duba?

Binta_Littafi:
Ka nemi mutum biyu ko uku da bakinku ya zo ɗaya, ko abokai ko masu sharhi, ka riƙa jin ta bakinsu. Har wanda kuka saba saɓawa yana da amfani. Akwai wata ƙawata, duk fim ɗin da ta ce ya gundure ta, da gudu nake nemansa.

Sarkin_Kallo:
Ni kuma tirela, ɗan guntun tallar fim, ce ta daina yaudarata. Sau nawa ana haɗa mini minti biyu masu zafi, in je in tarar duk abin kirkin da ke fim ɗin shi ne wannan minti biyun. Kallon kitse ake yi wa rogo. Wasu kuma su nuna maka har ƙarshen labarin a tirelar, to me ya rage in je in gani?

Injiniya_Bash:
Akwai abin da ba wanda ya ambata. Malam Abu, a ina kake kallon? Domin fim ɗin da aka haɗa wa sauti don babban zaure mai lasifika ta kowace kusurwa, in ka kunna shi a waya ko ƙaramar talabijin, kiɗa da fashewa za su danne magana. Ka ƙara murya don ka ji zance, sai harbi ya tashi ya tada maƙwabta. Haka hoto. Yanzu suna son ɗaukar dare da duhunsa na gaske, a sinima yana fita da kyau, a waya kuwa fuskarka kawai za ka riƙa gani a gilashi. Sannan yawancin sababbin talabijin suna zuwa da wani saiti a kunne wanda ke ƙara hotuna na ƙarya a tsakani don motsi ya yi santsi. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, in aka cusa masa ƙari sai ya koma kamar bidiyon da aka ɗauka a bayan fage. Ka shiga saitin hoto ka kashe shi, ko ka zaɓi yanayin sinima in akwai. Mutane da yawa suna zagin fim alhali akwatinsu ne.

Abu_Hanif:
Injiniya a waya nake kallo galibi, da daddare, a kwance. Kuma gaskiya saƙonni suna shigowa.

Injiniya_Bash:
To ai ka amsa rabin tambayarka da kanka.

Tsohon_Malami:
Da can in ka shiga kallo ka riga ka biya, an kashe fitila, ba inda za ka. Ko fim ya yi sanyi na minti goma dole ka haƙura, kuma sau da yawa bayan sanyin ne abin yake zuwa. Yanzu ƙofar fita tana ƙarƙashin babban yatsanka.

Maman_Ikram:
Baba ban ƙi ba, amma kada a ɗora wa mai kallo laifin duka. Wayar nan dai tana hannuna na kalli wani tsohon fim ɗin Iran, Children of Heaven na Majid Majidi, na 1997. Labarin duka a kan takalmi ne. Yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suna tsoron faɗa wa iyaye saboda babu kuɗin wani, sai suka koma karɓa-karɓa da nasa, ita ta je makaranta da safe ta dawo a guje ta ba shi. A ƙarshe ya shiga gasar tsere ba don ya zo na ɗaya ba, na uku yake nema, saboda kyautar na uku takalmi ce. Wallahi ko sau ɗaya ban duba saƙo ba, kuma yarena ba ɗaya da nasu ba, rubutun ƙasa nake bi, wato fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. Takalmi ƙafa biyu ya riƙe ni, amma wanda za a halaka duniyoyi bakwai a ciki ya kasa. To wayar ce?

Malam_Edita:
Wannan misalin ya fi nawa. Kin san abin da yaron yake so, kin san abin da zai faru in bai samu ba, kuma abin daidai girman zuciyar mutum yake. Halakar duniya ta yi wa zuciya girma, ba ta iya ɗauka.

Jarumin_Marvel:
Hajiya kin ba mu labarin har ƙarshe, saura me?

Maman_Ikram:
Ban faɗi na nawa ya zo ba ai. Je ka nema.

Zee_Seoul:
Tunda an zo kan rubutun ƙasa, ni shawarata ga Malam Abu ita ce ya fita daga inda ya saba. In ka ce "fina-finan zamani" kana nufin na kamfanoni biyar ko shida na Amurka, to lallai za ka gaji. Koriya ta Kudu fa? Parasite ya ci babbar kyautar Oscar, ta fim mafi kyau, a 2020, karo na farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya ci ta, kuma labarin gida biyu ne, masu shi da marasa shi. Daraktan, Bong Joon-ho, da kansa ya ce in mutum ya tsallake ɗan shingen nan na rubutun ƙasa zai tarar da fina-finai masu yawa na ban mamaki. Ga na kudancin Indiya da suka taso da ƙarfi, RRR har waƙarsa ta ci Oscar a 2023. Ga Japan, ga Sifen, ga Iran da Hajiya ta ambata.

Abban_Yara:
Ni rubutun ƙasa yana wahalar da ni, ina karatu fuskar ɗan wasa ta wuce. Na fi son wanda aka ɗora wa murya.

Zee_Seoul:
Yaya rabin wasan ai a murya yake. In aka cire muryar mutum aka sa ta wani, kuka ma sai ya koma abin dariya.

Abban_Yara:
Ya danganta da masu ɗorawar. Kuma ki tuna da wanda karatu bai yi masa sauri ba, ko tsoho mai raunin ido. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kawu_Sholay:
An taɓo Indiya dole in fito. Masu cewa mutanen yanzu ba su da haƙurin dogon fim, ban yarda ba. Oppenheimer awa uku ne cif, yawancinsa mutane ne a ɗaki suna magana, ya kawo sama da dala miliyan 900 a 2023. Kuma yaran nan da ke cewa ba sa iya minti talatin, su ne ke kwana su cinye kashi goma na mai dogon zango a dare ɗaya. Tsawo ba ya gundura. Abin da ke gundura shi ne jan rai ba dalili. Mutanen Indiya sun daɗe da sanin wannan, fim ɗinsu na awa uku an gina shi da hutu a tsakiya, kuma dab da hutun sai an jefa maka abin da zai hana ka tafiya gida. Marubucin dole ya yi tunanin inda zai ɗaure ka.

Ummu_Sadiq:
Kawu masu dogon zangon nan su ne suka fi kowa jan rai. Labarin da zai ƙare a awa biyu sai a miƙe shi kashi sittin. Mutum zai buɗe ƙofa, a nuna fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya da kiɗa, a tafi talla, a dawo a sake nunawa. Na bi wani har zango na uku, da na tsallake kashi takwas na dawo na tarar ba abin da ya motsa.

Dan_Gaye99:
Shi ya sa nake ƙara wa fim gudu, in sa shi a 1.5.

Malam_Edita:
Kai yaro, Allah ya shirye ka. Mutum ya kwana uku yana auna inda zai yanka, shirun daƙiƙa biyu ya sa ya cire ya mayar, kai kuma ka zo ka danna 1.5.

Dan_Gaye99:
Malam in shirun yana da ma'ana ina mayarwa daidai. Amma ka yarda wasu shirun cika lokaci ne.

Malam_Edita:
Na yarda, da ciwo.

Injiniya_Bash:
Game da siddabarun kwamfuta da ake ta zagi a fakaice, ina so in kare shi kaɗan. Ba kwamfutar ce matsala ba. Jurassic Park na 1993, duka-duka dabbobin dinoso ɗin ba su wuce minti goma sha biyar a allo ba, kuma na kwamfuta a ciki kusan minti shida ne, sauran gumaka ne masu motsi da aka ƙera. Saboda yana da tsada da wahala, sai da aka yi tunani kafin a nuna kowane ɗaya. A Jaws na 1975 ma kifin ƙarfen da suka ƙera lalacewa ya riƙa yi a ruwa, dole daraktan, Spielberg, ya ɓoye shi yawancin fim ɗin, kuma ɓoyewar ce ta sa ya fi ban tsoro. Yanzu da komai zai yiwu, sai a nuna komai, ido ya ƙoshi tun kafin rabi. Amma ku duba Godzilla Minus One na Japan, mutum 35 ne suka yi masa aikin kwamfuta, kuɗinsa tsakanin dala miliyan 10 zuwa 15, ya doke masu ɗaruruwan miliyoyi ya ci Oscar ta wannan fanni a 2024. Kuma in ka tambayi waɗanda suka kalla, labarin matuƙin jirgin da kunyarsa suke fara ba ka, ba dodon ba.

Hauwa_Lissafi:
Kuma abin da ke tafe ya fi wannan. Yajin aikin marubutan Hollywood na 2023 kwana 148 ya yi, na 'yan wasa kwana 118, kuma cikin manyan abubuwan da aka yi rigima a kai har da ƙirƙirarriyar basira, kada a sa na'ura ta rubuta labari a ba marubuci gyara kawai, kada a kwafi fuskar ɗan wasa da muryarsa a yi ta amfani da su ba izini. In yanzu muna kukan labarai sun yi kama da juna, ina ga an miƙa wa abin da aikinsa shi ne haɗa abin da aka riga aka yi?

Sarkin_Kallo:
Wasu fina-finan da na gani bana, in aka ce mini na'ura ce ta rubuta sai in ce an yi wa na'ura ƙazafi.

Binta_Littafi:
Ni ma'aunina kullum shi ne washegari. In na tashi da safe ina wanke-wanke fim ɗin ya dawo mini, ina gardama da shi a raina, ina cewa da ni ce da ban yi haka ba, to ya biya. Akwai waɗanda na ji daɗinsu sosai a zaune, bayan kwana biyu ko sunan jarumin ban riƙe ba.

Jarumin_Marvel:
Anti to wanda aka ji daɗinsa a zaune ba shi da daraja ke nan? Mutum ya dawo aiki a gajiye, ba ya son fim ya ba shi aikin gida. Yana son ya yi dariya, ya ga an daki bos, ya kwanta. Ni ranar da nake cikin damuwa ba na neman labarin yaro da takalmi.

Binta_Littafi:
Yana da daraja mana, ni ma ina da irin waɗannan ranakun. Sai dai ko na dariyar akwai wanda aka yi da kula akwai na gangan, kuma kai ma kana ganewa.

Tsohon_Malami:
Abu Hanif, ka ce biyu ka gama cikin goma. Ba wanda ya tambaye ka su. Me ke cikinsu da ya hana ka ajiyewa?

Abu_Hanif:
Baba sai da ka tambaya na tsaya na yi tunani. Ɗaya labarin kotu ne, kusan duka a ɗaki ɗaya, ina so in san ko matar ta aikata ko ba ta aikata ba, har aka gama ban tabbatar ba, kuma har yau ni da matata ba mu daidaita a kai ba. Ɗayan kuma katun ne na yara, ƙaramar 'yata ce ta matsa, na zauna don in raka ta sai ga ni ina share ido a ɓoye. Kuma yanzu na tuna, dukkansu biyun a talabijin na kalla, da mutane a gefena, wayar tana caji a ɗaki.

Injiniya_Bash:
Na faɗa.

Maman_Ikram:
Ni ma na faɗa. Mace ɗaya a kotu, ba duniyoyi bakwai ba.

Dan_Gaye99:
Malam Abu makinsu nawa a IMDb?

Zee_Seoul:
Kai dai ba ka ji. Malam Abu, na kotun nan wace ƙasa ce? In wanda nake zato ne, ina da magana a kan yaron da karen, amma sai Jarumin Marvel ya fita tukuna kada ya ce an ɓata masa.

Jarumin_Marvel:
Ina nan, ba inda za ni. Ku buɗe wani zaren ku rubuta gargaɗi a sama.